Ƙanena likita na son barin Texas saboda dokar zubar da ciki

Maman Hadiza, Zariya:
Assalamu alaikum. Ni ungozoma ce, shekara 17 ina karɓar haihuwa a nan unguwar Zariya ta Maradi. Ƙanena likitan mata ne a jihar Texas ta Amurka, jiya bayan isha ya kira ni murya a dushe, wai jihar zai bari. An kawo masa mace faya ta fashe a wata huɗu, ɗan ba mai rayuwa ba ne, amma sai da ya jira lauyan asibiti kafin ya taɓa ta. Lauya fa! Ban yi barci ba. Don Allah masu sani, wace irin doka ce wannan?

Abdu na Bagalam:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ran 24 ga Yuni 2022 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin Roe na 1973, wanda ya ba mata ƴancin zubar da ciki a duk faɗin ƙasar, ta bar wa kowace jiha ta yi dokarta. A Texas likitan da ya zubar da ciki na iya shan ɗaurin rai da rai, ga tarar aƙalla dala 100,000, ga ƙwace lasisi. An yi togiya in ran uwa na cikin haɗari, to amma wane mataki ne haɗari? Nan likitoci suka riƙa jan ƙafa har mace ta galabaita. Sai 2025 majalisar jihar ta gyara kalmomin togiyar. A jihar Idaho kuwa, asibitin garin Sandpoint ya rufe sashen haihuwa a 2023, kuma ya ambaci dokokin jihar cikin dalilansa.

Malam na Mokoyo:
Ni dai, ƴar'uwa, ba na goyon bayan zubar da ciki, kuma malamanmu na Malikiyya sun tsananta a kansa. Amma in ya tabbata uwa za ta halaka, ita ake ceta. Kada a haɗa wannan da wancan.

Maman Hadiza, Zariya:
Allah ya saka da alheri, Malam. Nima ban taɓa sa hannu a cikin da ke lafiya ba, ba kuma zan sa ba. Ko a Nijar dokar lafiyar haihuwa ta 2006 ta yarda a cire ciki in yana barazana ga ran uwa.

Abin da ke cina, na san yadda jiran nan ke ƙarewa. Faya ta fashe, a kwana biyu zazzaɓi ya rufe mace, ruwa ya fara wari, cuta ta shiga jini. Mu a nan nisan hanya da amalanke ne ke jawo mana wannan jinkiri, ko rashin jini a ajiye. Su suna da komai a hannu, tsoro ne kawai ya ɗaure likita. Matar da aka kawo wa ƙanena ta rayu, alhamdu lillahi, bayan kwana shida a gadon asibiti.

Abdu na Bagalam:
To Hajiya, me kika ce masa?

Maman Hadiza, Zariya:
Na ce ya yi istihara tukuna. Sannan na tambaye shi, in ya tafi, wa zai duba matan da ke zuwa wurinsa awo? Ya yi shiru. Juma'a zai sake kira.