Neman kalma: me za mu kira outfielder da Hausa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina rubutu kan Tris Speaker, ɗan wasan besbol na Amurka, kalma ɗaya ta tsayar da ni cak, outfielder. Ga wanda bai san wasan ba, mutum 9 ne ke tsaro, 6 suna ciki kusa da tashoshi huɗun da ake zagayawa, sauran 3 suna can baya a fili mai ciyawa har zuwa katanga, aikinsu cafe ƙwallon da aka ɗaga sama su wurgo ta ciki da sauri. Su ukun nan nake nema wa suna.

Na fara da ɗan waje, na ga ai baƙo ke nan daga wata ƙasa. Ɗan baya kuma 'yan ƙwallon ƙafa sun riga mu, duk wanda ya ji difenda zai kawo a ransa. Wani ɗan uwa ya ce mu rubuta autfilda kawai tunda mun karɓi gola da rafali, to Malam gola mun gan shi da idonmu a filin unguwa, shi wannan kuwa in kalmar ba ta nuna wa mai karatu inda mutumin yake tsaye ba to ba mu yi komai ba.

Mai tsaron nesa ta kusa shiga raina, amma shi Speaker ɗin ne ya ɓata min lissafi. An haife shi a Texas a 1888, ya buga wa Boston daga 1907 zuwa 1915 sannan Cleveland, inda a 1920 ya ci kofin World Series, wato kofin zakarun besbol na Amurka, yana ɗan wasa kuma shi ne koci. A zamaninsa ƙwallon ba ta tafiya da nisa, guda ɗaya ake ta bugawa har ta yi laushi ta yi baƙi, shi ya sa yake matsowa dab da tasha ta biyu ya tsaya, in an ɗaga ta wuce kansa sai ya juya baya ya sheƙa da gudu ya cafe, wani lokacin ma ya cafe ya ruga ya taka tashar da ƙafarsa ya fitar da mutum biyu na abokan hamayya shi kaɗai. Sau 449 jifansa ya yi sanadin fitar da mai gudu, har yau babu mai tsaron wannan gurbi da ya kamo shi. To mutumin nan ta ina za a ce masa na nesa?

Sai wata Yaya ta kawo ɗan ganuwa, wallahi nan take na ji ta zauna. Filin yana da katanga a ƙarshensa kamar yadda ganuwa ta kewaye Kano ko Zariya, ko mai tsaron ya jingina da ita ko ya matso ciki, duk abin da ke tsakaninsa da ita a wuyansa yake. Jam'i ma ba wahala, 'yan ganuwa, na hagu da na tsakiya da na dama.

Yaya na gode, ita na ɗauka. Ga yadda jimlar ta fito: Tris Speaker ɗan ganuwa ne na tsakiya, ya ajiye sanda a 1928 da bugu 3,514 da suka kai shi tasha lafiya. Ku karanta da ƙarfi ku ji, in ta yi wa wani nauyi a baki ya faɗa min kafin Juma'a.