Fargabar cire haƙorin hankali: abin da waɗanda suka riga mu suka ce

Da aka tattauna zancen cire haƙorin hankali, wato turamen can ƙarshe da kan fito tsakanin shekara 17 zuwa 25, kusan duk wanda aka taɓa cire masa ya ce zaman jira ya fi aikin wuya. Allurar kashe zafi da ake yi a dasashi ita ce ɗan abin da za ka ji. Bayanta sai dai ka ji ana danna haƙorin ana jijjiga shi, da ƙara, amma ba raɗaɗi. Wata ta ce ka shirya alama da likita, in ka ɗaga hannu ya dakata. A ganina wannan ta fi kowace shawara amfani ga mai tsoro.

Kafin a fara, faɗa wa likita in kana da hawan jini, ciwon suga, juna biyu, ko kana shan maganin tsinka jini. Haƙorin hankali na ƙasa kan kusanci jijiyar leɓe, shi ya sa ake ɗaukar hoto tukuna.

Inda aka fi jan kunne shi ne bayan cirewa. Gudan jinin da ya cika ramin shi ne murfinsa. In ya fita, ƙashi ya bayyana, zafin ya fi na haƙorin. Don haka ban da sigari, ban da tsotsar abin sha da tsinke, ban da kurkure baki a awa 24 na farko. Daga nan sai a riƙa kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi. Kunu ma a bari ya huce. Kumburi kan fi tsanani a kwana na 2 ko na 3. In ya wuce haka yana ƙaruwa da zazzaɓi, a koma asibiti.