Ana iya sanin ranar da ƙasa za ta girgiza?

Bala: Jama'a, kun tuna Baholanden nan, Frank Hoogerbeets? Ranar 3 ga Fabrairu 2023 ya rubuta a Twitter cewa girgiza mai ƙarfin 7.5 za ta afka wa kudancin Turkiyya da Siriya. Kwana uku tsakani sai ga ta, 7.8. Ni dai na yarda ana iya sanin ranar.

Malam Habu: Bala, koma ka duba. Cewa ya yi "ko ba jima ko ba daɗe", bai sa rana ba. Masana sun daɗe da sanin tsagar ƙasa ta Gabashin Anatoliya, inda ɓawon ƙasa na yankin Larabawa ke tunkuɗo na Turkiyya. Kamar ka ce za a yi ruwa a watan Agusta ne.

Anti Rabi: To Malam, birnin Haicheng fa? A 1975 hukumomin Sin sun fitar da mutane daga gidaje kafin girgizar ta auku.

Malam Habu: Gaskiyarki Hajiya, amma ƙananan girgiza ne suka yi ta zuwa kafin babbar. Shekara ɗaya bayan nan Tangshan ta rushe cikin dare ba gargaɗi, sama da mutum 240,000 suka rasu.

Sadiya: Ina karatu a Gaziantep, a kudancin Turkiyya, lokacin girgizar 2023. Ƙarfe 4:17 na asuba gado ya fara jijjiga, kwanuka na zubowa daga kanta. Muka fito ba takalmi, ga sanyi kamar ya tsaga ƙashi. Wallahi Yaya Bala, ko daƙiƙa goma aka ba mu da mun gode. Japan na yin haka tun 2007: na'urori su ji girgizar farko mai saurin tafiya, wadda ba ta cika ɓarna ba, waya ta yi ƙara, jirgin ƙasa ya taka birki kafin mai rusa gini ta iso.

Bala: Ai kin ga ana sani ke nan.

Sadiya: Bayan ta riga ta fara, Yaya. Kuma a layinmu bene biyu ne dab da juna, ɗaya ya zube, ɗayan ko gilashinsa bai fashe ba. A wanda ya tsaya muke kwana.

Anti Rabi: Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.