Neman kalma: me za mu kira excretion da Hausa?

1/ Malaman kimiyya na Gombe da Bauchi, ku matso kusa. Kalmar nan excretion da ke littafin Bayoloji na babbar sakandare, kowa da yadda yake juya ta a aji, yawanci kuma "bayan gida" ake cewa a wuce. Nan yaranmu ke zubar da maki a WAEC.

2/ Kashi dai ragowar abinci ne da hanji bai tsotse ba, ratsawa kawai ya yi. Abin da ake nufi da excretion kuwa shi ne dattin da jiki da kansa ya haifar yana cikin aikinsa. Hanta ta karɓi amoniya, wadda guba ce, ta mayar da ita yuriya. I, sinadarin nan na buhun takin da ake zuba wa masara. Ƙoda kuma ta tsamo ta daga jini. Wajen lita 180 na ruwa take tacewa a rana, ta mayar da kusan duka cikin jini, abin da ke fita fitsari wajen lita 1.5 ne kawai. Huhu na fitar da iskar kabon, fata na fitar da gumi.

3/ Wata malama daga Azare ta kawo "fitar da najasa". Hajiya, a yi haƙuri, ba ta zauna ba. Najasa kalmar fiƙihu ce, gumi da numfashi kuwa ba najasa ba ne. "Fitar da guba" ma ta gaza, don rarar ruwa da gishiri ba guba ba ce. "Dattin jini" ta so ta ja ni, sai na tuna bishiya ba ta da jini, alhali tana tara nata a tsohon ganye ta kakkaɓe.

4/ Kalmar dole ta ɗauki ƙadangare. Ku dubi kashinsa a jikin katanga: baƙi ne da ɗigon fari a gefe ɗaya. Farin nan shi ne fitsarinsa, ya daskarar da shi don tattalin ruwa. Haka na kaza. Kifin madatsar Dadin Kowa kuwa ruwa bai dame shi ba, amoniyarsa yake saki kai tsaye.

5/ Ni dai "fitar da tokar jiki" na tsayar. Jiki ƙona abinci yake yi ya samu ƙarfi, abin da ƙunar ta bari shi ne toka. Wani malami a Billiri ya ce ai na huhu hayaƙi ne. Da gaskiyarsa, amma "fitar da toka da hayaƙin jiki" ta yi wa allo tsawo.

6/ Ƙoda, huhu da fata sai su zama "gaɓoɓin fitar da toka". Mai ja ya kawo tasa, amma ya fara gwada ta a kan kifi da bishiya tukuna.