Na sallami malami saboda ya raunata ɗalibi, yanzu lauyansa ya aiko min da takarda

Maman Ilham:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da makarantar nazare da firamare a Kano, ma'aikata 19 har da maigadi, masu shara biyu da direban motar yara.

Watan jiya wani malaminmu da ya shekara huɗu tare da mu ya zane wani yaro ɗan aji biyar saboda bai yi aikin gida ba. Bakin bulalar ya sami yaron a gefen ido, idon ya kumbura har ya rufe. Washegari uban ya zo ofis ransa a ɓace, ya ce ko in ɗauki mataki a gabansa ko ya wuce wurin 'yan sanda. Na sa aka kira malamin, na ce ya tattara nasa ya nasa, daga ranar ba ya aiki da mu. Ranar 24 ga wata ce. Albashinsa naira dubu 45 ne, ban ba shi ba, da shi na biya kuɗin asibitin yaron. Da yamma na rubuta a zauren WhatsApp na iyaye cewa mun kori malam wane saboda cin zalin yara, don hankalinsu ya kwanta.

Jiya sai ga takarda daga lauyansa. Wai in biya albashin watan, da kuɗin notis, wato na wa'adin da ake ba ma'aikaci kafin a sallame shi, da kuɗin fansho na shekara huɗu, da diyyar ɓata suna, cikin kwana 14, in ba haka ba mu haɗu a kotu. Mutumin da ya kusa tsiyaye wa ɗan mutane ido, shi ne kuma zai kai ni ƙara? Ban ma taɓa ba shi takardar ɗaukar aiki ba, da baki muka daidaita kamar sauran malamaina. To da me zai kama ni?

Abu Khalifa:

Hajiya, barazana ce kawai, kada ta hana ki barci. Nima ina da makaranta. Ki buga takardar tuhuma ki sa mata kwanan watan ranar da abin ya faru, ki jefa a fayil ɗinsa, shi ke nan kin rufe ƙofa.

Barista Umma:

Wa alaikumus salam Hajiya. Aikina ke nan, makarantu da ƙananan kamfanoni nake ba shawara a kan ma'aikatansu. Kafin komai, don girman Allah kada ki bi shawarar takarda mai kwanan watan baya. Ƙirƙirar takardar bogi laifi ne mai zaman kansa, kuma uban yaron yana zaune a ofishinki lokacin da kika yi korar da baki. Shi kaɗai ya isa ya rushe takardar, daga nan kuma alƙali ba zai ƙara yarda da ko kalma ɗaya daga bakinki ba.

Dalilinki na korar yana da ƙarfi. Sashe na 55 na tsohuwar dokar hukunta laifuka ta Arewa, wato Penal Code, ya bar wa malami ƙofar horon ɗalibi, amma da sharaɗin kada horon ya kai ga mummunan rauni, kuma ido ba wurin wasa ba ne. Doka ta yarda a kori ma'aikaci nan take ba tare da notis ba idan ya aikata babban laifi. Inda ƙafarki ta zame shi ne ba ki ji ta bakinsa ba. Da kin dakatar da shi a ranar, kin ba shi takardar tuhuma, kin ce ya amsa a rubuce cikin kwana biyu, sannan ke da hedimasta da wani malami kun zauna kun saurare shi kun rubuta abin da aka faɗa, da takardar korar da za ta biyo baya ta tsaya da ƙafarta a ko'ina. Uban ma dakatarwar za ta ishe shi a ranar.

Shari'ar za ta je Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ne, tana da reshe a nan Kano. Tun gyaran kundin tsarin mulki na 2010, sashe na 254C ya mayar da rigingimun aiki hannunta ita kaɗai, ya kuma ba ta damar duba yadda ake yi a ƙasashen duniya. Shi ya sa tsohuwar maganar nan ta "ni na ɗauke ka, ni zan kore ka, ba sai na faɗi dalili ba" ta rage tasiri a gabanta ƙwarai. Tana tambayar dalili, tana kuma tambayar ko an ba mutum damar kare kansa.

Rashin takardar ɗaukar aiki da kike gani kariya ce, ke yake cutarwa. Yarjejeniyar baki yarjejeniya ce, kuma rajistar sa hannu ta safe da saƙonnin banki na shekara huɗu sun isa hujja. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya ɗora wa mai aiki nauyin ba ma'aikaci sharuɗɗansa a rubuce cikin wata uku da fara aiki. Da akwai takardar, da kin nuna layin da ya ce duka haramun ne a makarantarki kuma hukuncinsa kora.

Albashin kwanakin da ya yi aiki haƙƙinsa ne, ko da laifinsa ya kai ina. Ki biya. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadagon bai yarda a yanki albashi saboda asarar da ma'aikaci ya jawo ba sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce tun kafin a yanka. Kuɗin asibiti kuwa kin kyauta da kika biya, domin makaranta ce ke ɗaukar alhakin abin da malaminta ya yi a bakin aiki, sai dai daga asusun makaranta ya kamata ya fito.

Notis: sashe na 11 ya ce mako biyu ga wanda ya yi shekara biyu zuwa ƙasa da biyar. Akwai muhawara ko malami yana cikin ma'aikatan da dokar take nufi, saboda sashe na 91 ya cire masu aikin ƙwarewa. Idan kotu ta cire shi, za ta duba notis ɗin da ya dace da hankali, kuma ga mai albashin wata yawanci wata guda ake lissafawa. A ganina ki ɗauka wata guda ne ki huta.

Abin da ya fi damuna a takardar shi ne fansho. Dokar Fansho ta 2014 ta hau kan duk mai ma'aikata 15 ko fiye, ke kuma kina da 19. Mai aiki yana zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8. Kasonki kaɗai a kan dubu 45 ya kama 4,500 a wata, shekara huɗu 216,000 idan albashin bai canja ba, ban da tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari a kowane wata ba. Malami ɗaya ke nan, saura 18. Mafi ƙarancin albashi na dubu 70 da aka sa wa hannu a 2024 bai hau kanki ba tukuna, tunda dokar ta ware masu ma'aikata ƙasa da 25, amma ki riƙe wannan adadin a ranki in makaranta ta ƙara girma.

Saƙon WhatsApp kuma, kada ki ƙara rubuta komai a kansa, kada ki amsa wa iyayen da ke tofa albarkacin bakinsu. Gaskiya kariya ce a shari'ar ɓata suna, amma "cin zalin yara" ya fi faɗin abin da za ki iya tabbatarwa, wato duka ɗaya a rana ɗaya.

Malam Mai Alli:

Ni malami ne, na tsufa a makarantun kuɗi. Ban goyi bayan abin da ya yi ba ko kaɗan, ɗan kowa ɗa ne. Amma Hajiya, ki tambayi kanki tsakani da Allah: wa ya sayo bulalar? A makarantu da yawa ofis ne ke ajiye ta, iyaye ma su ke cewa "Malam, a zane min shi." Ranar da tsautsayi ya gifta sai a bar malami shi kaɗai. Mutum ya ba ki shekara huɗu a kan dubu 45, ya koma gida ƙarshen wata hannu rabbana, sunansa kuma yana yawo a wayoyin iyaye, wace makaranta ce a unguwar za ta ɗauke shi? Ba mamaki rashin abin sa wa a tukunya ne ya kai shi wurin lauya.

Maman Ilham:

Malam, maganarka ta taɓa ni. Bulalar a ofishin hedimasta take zama, kowa ya sani. Barista, na gode, Allah ya saka da alheri. To yanzu in kira shi mu sasanta ta hannun limamin unguwa, ko sai an je kotu?

Barista Umma:

Sulhu ya fi miki, Hajiya, ita kanta kotun tana da cibiyar sasanci da take tura irin waɗannan shari'o'i. Liman zai iya zama a tsakani, amma kada ki bar kwana 14 ɗin su wuce shiru. Ki sami lauya ya amsa takardar a rubuce, ya nuna cewa tayin sulhu ne, ba amsa laifi ba, domin kada a ɗauko shi hujja a kanki daga baya. Ki miƙa albashin watan nan take ba tare da sharaɗi ba. Kuɗin notis da fansho a zauna a lissafa, na fansho kuma asusunsa na fansho ake zubawa, idan ba shi da shi ya buɗe. Duk abin da kuka cimma a rubuta, ku sa hannu ku biyu da shaidu, da layin da ya ce ba sauran wata buƙata a tsakaninku. Ki ajiye takardun asibitin yaron da rasit, ki kuma sa hedimasta ya rubuta abin da ya gani da kwanan watan ranar da ya rubuta.

Kafin sabon zango, kowane ɗaya cikin 18 ɗin nan ya karɓi takardar ɗaukar aikinsa, da dokar horon ɗalibai a rubuce ya sa hannu ya karanta. Ki duba waɗanda ba su da rajistar TRCN, wato hukumar rajistar malamai ta ƙasa, ki kuma tambayi akawunki ko ana biyan kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi ga NSITF, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, wanda dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta. Bulalar ofishin hedimasta kuwa a fitar da ita gobe da safe, domin in maganar ta je kotu, tambayar Malam Mai Alli ce lauyan malamin zai fara yi miki.