Wai da gaske ne ana so a dusashe rana don a rage zafi?

Dan_Sabongari:
Salam jama'a. Jiya a majalisa wani yake cewa wai turawa na shirin fesa wani abu a sama don ya tare hasken rana duniya ta yi sanyi, nan fa gardama ta kaure, wani ya ce ai sola ake nufi, wani kuma ya rantse wannan farin layin da jirgi ke bari a sama ne. Ni dai kaina ya kulle. Meye gaskiyar maganar dan Allah?

Malamin_Kimiyya:
Wa alaikumus salam. Ba ruwansa da sola ta kawo wuta, farin layin jirgi kuma tururin ruwa ne da ya daskare kawai. Dabarar daga dutse mai aman wuta aka kwaikwayo ta. A 1991 dutsen Pinatubo na Filifin ya fashe ya watsa iskar salfa sama da tan miliyan 15 can ƙololuwar sama, sai da duniya ta yi sanyi da kusan rabin digiri har wajen shekara 2. Ka ga yadda hazo ke kashe kaifin rana da hunturu? To kusan haka, sai dai wannan kamar kilomita 20 ne sama. Shine wasu suka ce to a riƙa tura jirage suna fesa irin wannan iskar salfa. Amma fa ba a fara ba tukuna, ko ɗan gwajin da jami'ar Harvard ta so yi a Suwidin an dakatar a 2021, suka haƙura da shi gaba ɗaya a 2024.

Manomi_Maradi:
Malam ni fa damina ce damuwata ba zafi ba. Akwai masu bincike da suka nuna idan irin wannan ƙura ta taru a arewacin duniya ruwan Sahel ja baya yake yi, har suna kawo misalin dutsen El Chichón na Meziko a 1982, kuma kowa ya san farin da ya biyo baya a 1984, dattawanmu har yau in ana zancen shi sai jikinka ya yi sanyi. To in an fesa gero ya ƙi yi, wa za mu kama?

Maman_Hanifa:
Hmm Allah ya kyauta. Su suka cika sama da hayaƙi kuma su ne za su ƙara wani wai magani 🤔

Malamin_Kimiyya:
@Manomi_Maradi gaskiyarka wallahi, shi ya sa a taron muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya a Nairobi 2024 ƙasashen Afirka suka tsaya kan kada a yi amfani da wannan feshin, aka tashi ba a cimma matsaya ba. Wata matsalar kuma baya cire hayaƙin kabon ɗin da ke ɗumama duniya, yana nan yana taruwa, ranar da aka daina fesawa zafin da aka danne zai dawo a lokaci guda.

Dan_Sabongari:
Toh fa. Na gode sosai, bari in kai musu majalisa yau da daddare, mai maganar sola sai ya sayi shayi 😂