Ta yaya gidaje 42,000 za su wakilci Najeriya baki ɗaya?

Ɗalibi daga Zariya:

Assalamu alaikum. Ina amfani da rahoton binciken lafiya da yawan jama'a na shekarar 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar, wajen rubuta kundin kammala digirina, amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Gidaje kimanin 42,000 kawai aka zaɓa, alhali mutanen ƙasar nan sun kusa miliyan 200 a lokacin, kuma ban san ko mutum ɗaya a unguwarmu da aka yi wa tambaya ba. Da wace hujja zan rubuta cewa abin da waɗannan gidaje suka faɗa shi ne halin da ƙasa take ciki? Ina roƙon malamai su warware mini.

Malamin lissafi:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, idan ka taɓa tsayawa kusa da mai sayen wake a kasuwar hatsi, ka ga ba ya zazzage buhu ya duba ƙwaya-ƙwaya. Ƙarfe mai tsini da kwaroro yake sokawa a sama, da tsakiya, da ƙasan buhun, ya karɓi abin da ya zubo a tafin hannunsa, ya duba ko akwai ƙwari ko tsakuwa. Da a ce bakin buhun kaɗai ya duba, da ya ga abin da mai kaya yake so ya gani. Haka binciken yake: hujjarsa tana cikin yadda aka yi zaɓen, wato a yi shi ta hanyar ƙuri'a, ta yadda kowane gida yana da sanannen rabo na shiga, kuma son ran mai bincike bai taɓa zaɓen ba.

A binciken da kake magana a kai, an fara zaɓar yankuna 1,400 daga cikin ƙananan yankunan ƙidayar 2006, aka lissafa gidajen kowane yanki, sannan aka fitar da gidaje 30 daga kowanne. Idan zaɓe ya kasance haka, lissafi yana iya faɗin iyakar kuskuren da ake sa rai. A zaɓen ƙuri'a mai sauƙi, mutum 100 suna ba da tazarar kuskure ta kusan maki 10 sama ko ƙasa, mutum 400 su ba da maki 5, mutum 1,600 kuma maki 2 da rabi. Sai ka ninka samfur, wato mutanen da aka zaɓa aka tambaya, sau huɗu kafin kuskuren ya ragu da rabi, kuma yawan jama'ar ƙasa kusan ba ya shiga wannan lissafi ko kaɗan. Saboda haka idan aka tambayi mutum 400 aka samu kashi 40 cikin 100, abin da za ka ce shi ne gaskiyar tana tsakanin 35 da 45, kuma hanyar da aka bi tana dacewa kamar sau 95 cikin 100.

Mai nazarin tarihi:

Zan ƙara misali ɗaya a kan bayanin Malam. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika takardun jin ra'ayi kimanin miliyan 10, aka dawo mata da fiye da miliyan 2, ta ce Alf Landon zai kayar da shugaba mai ci Franklin Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa. Roosevelt ya lashe jihohi 46 daga cikin 48. Sunayen da ta yi amfani da su yawanci daga kundin masu tarho da masu mota suka fito, a lokacin da talauci ya yi wa jama'a katutu, sannan waɗanda suka ga dama ne kaɗai suka mayar da amsa. George Gallup, wani mai binciken jin ra'ayin jama'a wanda mutanen da ya tambaya ba su kai ko kusa da wannan adadi ba, ya faɗi wanda zai ci daidai.

Tsohuwar ma'aikaciyar tattara bayanai:

Malam ya yi gaskiya, sai dai lissafin tazarar kuskure ba ya ganin abin da muke gani a ƙofar gida. Na taɓa zuwa gidan da ƙuri'a ta faɗa masa sau uku kafin na sami matar gidan, maƙwabciyarta kuwa tana zaune a kan tabarma tana cewa in tambaye ta a madadinta. Na ba ta haƙuri na ƙi, domin idan muka riƙa musanya wanda ya tafi gona ko kasuwa da wanda muka tarar a gida, samfurin ya lalace ba tare da kowa ya lura ba. Akwai kuma matsalar amsa kanta: mata da yawa za su ce maka shekarunsu 30 ko 35 saboda ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, wata kuma ba za ta faɗi gaskiyar abin da ya shafi haihuwa ba idan uwar miji tana kusa.

Ɗana, idan alƙaluman jiha ɗaya za ka ɗauko, ka tuna cewa rabon kowace jiha gidaje dubu ɗaya da 'yan kai ne a matsakaici, kuma gidajen yanki ɗaya sukan yi kama da juna, don haka tazarar ta fi ta ƙasa baki ɗaya faɗi sosai. Ka duba rataye na ƙarshen rahoton inda aka jera kuskuren samfur, ka rubuta tazarar a gefen kowane adadi da ka saka a kundinka.